Jefferson, Chase, Hill ko Kupp: wane irin risiba ya cancanci a zuba masa kuɗi?

A kakar 2021 ta gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, Cooper Kupp na Los Angeles Rams ya cafe ƙwallo sau 145, ya ci yadi 1,947. Bayan shekara biyu Tyreek Hill na Miami Dolphins ya cafe sau 119, ya ci yadi 1,799. Wanda ya tsaya kan lambobin nan zai ɗauka sana'a ɗaya mutanen biyu suke yi, ɗaya ya ɗara ɗaya kaɗan. Amma da za a yi musu musayar aiki, a ce Kupp ya riƙa tsere wa masu tsaro zuwa can ƙuryar fili, Hill kuma ya riƙa tare ƙattin tsakiya don buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, da ƙungiyoyin biyu duk sun tafka asara. Dukansu sunansu risiba, wato ɗan wasan da ake jefa wa ƙwallo ya cafe, sai dai a ƙarƙashin sunan nan akwai aiki iri uku ko huɗu, kuma kuɗin da ya dace a biya kowane iri ya sha bamban.

Saboda haka duk mai son zaɓe, ko magoyin baya ne da ke muhawarar wanda ƙungiyarsa za ta ɗauko, ko mai haɗa tawagarsa a wasan fantasi na intanet, tambayar farko ita ce: a ina ɗan wasan nan yake tsayawa, wa yake fuskanta, kuma wa ke jefa masa?

Dokar tsayuwa ce ta raba aikin

Masu kai hari su goma sha ɗaya ne, kuma dole bakwai daga ciki su jeru a kan layin da aka ajiye ƙwallo. Biyar na tsakiya garkuwa ne ga mai jifa, wanda ake kira kwatabak, kuma ba a jefa musu. Biyun da ke bakin layin, dama da hagu, su ne doka ta yarda su cafe, tare da waɗanda suka tsaya a bayan layi. Galibi bakin ɗaya tait-en ne ke riƙe da shi, wato ƙaton da ke haɗa tarewa da cafewa. Ɗaya bakin kuma risiba ne da masu horarwa ke kira X. Shi yana kan layi, ba shi da damar yin zirga-zirga kafin a saki ƙwallo, kuma mai tsaron gefe yana iya zuwa ya tsaya masa hanci da hanci.

Na biyu shi ne Z. Yana gefen da tait-en yake, amma sai ya ja baya kamar yadi ɗaya daga layi. Idan ya manta ya tsaya a kan layin, ya rufe tait-en ke nan, an haramta jefa masa, kuma da zarar tait-en ɗin ya fita neman ƙwallo alƙali zai jefa tuta. Wannan yadi ɗayan da Z ya ja baya babbar riba ce: hannun mai tsaro ba ya kai masa da wuri, kuma ana iya tura shi ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan kafin a fara. Na uku yana tsayawa a lungun da ke tsakanin garkuwa da risiban gefe. Turawa na ce wa wurin sulot. Mu kira shi ɗan lungu.

Akwai wata doka da ke ƙarƙashin komai: mai tsaro yana da izinin dungurar risiba a cikin yadi biyar na farko kawai. Bayan nan taɓa shi laifi ne muddin mai jifa na riƙe da ƙwallo a bayan garkuwarsa. Kuma mai jifa ba ya samun fiye da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin a iso kansa. Wanda aka riƙe rabin daƙiƙa a bakin layi, an riga an cire shi daga wannan harin.

X: wanda ake bari shi kaɗai

A tsarin da ya fi yawa yanzu, risiba uku da tait-en ɗaya da mai gudu ɗaya, sau da yawa akan tara mutum uku a gefe guda, a bar X shi kaɗai a ɗaya gefen. Manufar ita ce a tilasta wa masu tsaro su zaɓa. Idan suka bar mutum ɗaya a kansa, a jefa masa. Idan suka ƙara masa mai gadin baya, to an rage mutum ɗaya a wancan gefen da a tsakiya. X da ba ya iya cin mutum ɗaya shi kaɗai ya rushe wannan lissafi gaba ɗaya, domin masu tsaro za su bar masa mutum guda su tattara sauran goma kan kowa.

Hanya uku ake cin wannan faɗa, kuma kowace tana da gwaninta. Mike Evans, wanda Tampa Bay ta ɗauka a 2014, yana cin nasa da tsawo: ƙafa 6 da inci 5, nauyi wajen kilo 105. Ko mai tsaro na manne da shi, ana jefa ƙwallon sama ko ta bayan kafaɗarsa ta wajen layi, inda hannun ɗayan ba ya kaiwa. Ya ci yadi 1,000 ko fiye a kowace kaka daga 2014 zuwa 2024, sau goma sha ɗaya a jere, abin da Jerry Rice kaɗai ya taɓa yi. Amfaninsa ya fi fitowa a yadi 20 na ƙarshe, inda fili ya ƙuntata, gudu ba ya da inda zai yi aiki.

A.J. Brown yana cin nasa da ƙarfi. Bai kai Evans tsawo ba, amma ya haura kilo 100, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne taku uku gaba sannan ya karkata ciki, ya sa jikinsa tsakanin mai tsaro da ƙwallo, ya cafe, ya kakkaɓe mutum ya wuce. Philadelphia ta karɓo shi daga Tennessee a watan Afrilun 2022, kuma a kakarsa ta farko ya cafe sau 88 ya ci yadi 1,496, wato yadi 17 a kowace cafewa. Davante Adams kuwa da ƙafa yake cin nasa. Takunsa biyu ko uku na farko su ne makaminsa: ya nuna zai fita waje, mai tsaro ya juya ƙugu, shi kuma ya shige ciki ba a ko taɓa shi ba. A 2020 ya ci tacdawun 18, wato kai ƙwallo yankin ci da ke ƙarshen fili, a wasa 14 tare da mai jifa Aaron Rodgers, ya koma Las Vegas a 2022 wurin wani mai jifan ya sake cin 14. A cikin ukun nan, salon Adams ne ya fi saurin bin mutum duk inda ya koma, domin kowane mai jifa yana ganin wanda ya kuɓuce.

Inda ake yin ɓarin kuɗi shi ne wajen dogon da ba ya kuɓucewa. Kenny Golladay ya fi kowa tacdawun na cafewa a 2019, guda 11, lokacin da yake Detroit, inda aka saba cilla masa ƙwallo ko da mai tsaro na rataye a jikinsa. New York Giants ta ba shi kwantiragin dala miliyan 72 na shekara huɗu a 2021. A kaka biyu da ya yi can, tacdawun ɗaya tak ya ci. Rauni ya taka rawa, amma akwai darasi na tsari a ciki: irin wannan ɗan wasa yana buƙatar mai jifa mai ƙarfin hali da zai jefa wa mutumin da a ido a rufe yake. Idan mai jifanka sai ya ga sarari yake saki, kada ka saya masa dogo mai kokawa a sama.

Mai gudu: ribar da ba ta shiga takarda

Tyreek Hill gajere ne, ƙafa 5 da inci 10, bai kai kilo 90 ba. Abin da yake sayarwa tsoro ne. Muddin yana fili, masu gadin baya biyu sukan ja can nesa, yadi 12 zuwa 15 daga layi, kuma duk takun da suka ja baya fili ne aka buɗe wa tait-en da mai gudu da ƙwallo. Shekarun da tait-en Travis Kelce ya yi yana sheƙe aya a tsakiyar fili a Kansas City, wani kaso na sararin Hill ne ya share masa. Ga kuma wata riba: a NFL idan mai tsaro ya riƙe risiba bayan an jefo ƙwallo, kafin ta iso, ana kai ƙwallon daidai inda aka yi laifin. Mai tsaron da aka tsere wa ya kama riga a yadi 45, an ci yadi 45 ke nan, kuma ba za a rubuta ko ɗaya a sunan risiban ba.

Wasa biyu tsakanin Kansas City da Tampa Bay sun nuna ƙarfin wannan iri da iyakarsa. A watan Nuwamban 2020 Tampa ta bar mutum ɗaya a kan Hill. Ya ci yadi 203 a kashin farko cikin kashi huɗu na wasan kaɗai, ya gama da 269 da tacdawun uku. Da suka sake haɗuwa a Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, a Fabrairun 2021, Tampa ta ajiye masu gadin baya biyu a nesa kusan duk wasan, ta bar mutum huɗu na gaba su farauci mai jifan Kansas City, Patrick Mahomes, wanda ya rasa manyan masu tare masa gefe biyu saboda rauni. Hill ya tashi da yadi 73, Kansas City ta sha kashi 31 da 9 ba tare da tacdawun ko ɗaya ba. Dogon jifa yana son daƙiƙa uku ko fiye. Idan garkuwa ba ta iya ba da su, gudun risiba ya zama ado.

Abin da mai horarwa Mike McDaniel ya yi da shi a Miami, bayan sun ba da gurbinsu biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ƙungiyoyi ke yi bi da bi, zagaye-zagaye, kowace shekara, sun karɓo shi a Maris 2022, ya cancanci a duba da kyau. Mai jifansu, Tua Tagovailoa, ba shi da ƙarfin hannun Mahomes, amma yana saki da wuri kuma yana saiti. Sai aka riƙa tura Hill ya ɗan ruga zuwa gefe daf da sakin ƙwallo, ya shiga harin da gudunsa a ƙafa, babu mai iya dungurarsa. Mai tsaro ya ja baya don tsoron a wuce shi, Hill ya karya ciki a yadi 15 zuwa 18, ƙwallon ta riga ta baro hannu kafin ya juyo. Da haka ya ci yadi 1,710 a 2022 da 1,799 a 2023. A 2024, da Tagovailoa ya rasa wasanni saboda rauni, ya sauko 959.

Kada a ruɗu da agogon gwaji. John Ross ya yi yadi 40 a daƙiƙa 4.22 a 2017, Cincinnati ta ɗauke shi na tara a zaɓen shekarar, kuma bai taɓa zama abin dogaro ba. Hill ya bambanta ne domin yana iya taka birki daga cikakken gudu cikin taku biyu ko uku, yana bin ƙwallo da ido ta saman kafaɗa, yana kuma tsalle ya ƙwato ta duk da gajartarsa. Mai gudun da bai da waɗannan mataimaki ne mai amfani, a biya shi kuɗin mataimaki. Kuma a tuna Kansas City ta ɗauki kofi sau biyu a jere bayan tafiyar Hill.

Ɗan lungu: aikin kai

Ɗan lungu yana da gata biyu. Ba ya kan layi, don haka da wuya a dungure shi. Kuma yana da hanya ta dama da ta hagu, alhali na gefe layin fili ya toshe masa ɓangare guda. Wanda ke gadinsa sau da yawa mai tsaron gefe na uku ne, wani lokaci ma ɗan tsakiya mai nauyin jiki. A madadin haka ana neman ya karanta tsaro daidai yadda mai jifa ke karantawa. Hanyar da ya fi bi ita ce ta zaɓi: ya yi yadi biyar ko shida, idan mai gadinsa na ciki ya karya waje, idan yana waje ya karya ciki, idan tsaron yanki ake yi ya tsaya cak a ramin da ke tsakanin mutum biyu ya nuna ƙirji. In shi ya karanta waje, mai jifa ya karanta ciki, ƙwallon a hannun abokan hamayya za ta sauka. Da yawa daga ƙwacen da ake ɗora wa mai jifa a tsakiyar fili daga irin wannan saɓani suke fitowa. Ga kuma duka: yana cafewa ne a inda ƙattin tsaro ke jira.

Kupp shi ne madubin wannan aiki. Gudunsa na yadi 40 daƙiƙa 4.62 ne, abin da ya sa ya jira har zagaye na uku a zaɓen 2017. Mai horar da Rams, Sean McVay, yana matso da risibobinsa kusa da garkuwa, ya sa su tare manyan mutane a harin gudu, ta yadda harin gudu da na jifa suke fara kama da juna. Kupp na tafiya kamar zai tare ɗan tsakiya, sai ya zame ta bayansa. A 2021, shekarar da mai jifa Matthew Stafford ya zo, Kupp ya fi kowa yawan cafewa, yawan yadi da yawan tacdawun, guda 16. A Super Bowl na Fabrairun 2022, bayan ɗaya risiban, Odell Beckham, ya ji rauni kuma kowa a filin ya san wa za a jefa wa, shi ya ɗauki harin ƙarshe a kai, ya kuma cafe tacdawun ɗin nasara daga gefe, aka doke Cincinnati 23 da 20. Wannan ya nuna ya wuce ɗan lungu zalla. Sai dai jiki ya biya: wasa 9 ya buga a 2022, 12 a 2023, 12 a 2024, sannan Rams ta sallame shi.

Amon-Ra St. Brown na Detroit irin wannan ne, mai taurin kai a dama ta uku cikin huɗun da ake ba masu hari su ci yadi goma, lokacin da ake neman yadi shida ko bakwai a ci gaba da riƙe ƙwallo. A 2024 ya cafe sau 115 ya ci yadi 1,263, yadi 11 a kowace cafewa. An ɗauke shi a zagaye na huɗu, na 112. Wes Welker, wanda ya cafe sau 112 a New England a 2007, babu ma wanda ya zaɓe shi da ya fito daga jami'a. Wannan jeri shi ne hujja mafi ƙarfi a kan farashi: gwanin lungu ana samunsa da araha idan masu farauta sun iya dubawa, domin abin da yake da shi ba ya fitowa a ma'aunin tsawo da agogo.

Nelson Agholor, haifaffen Najeriya da Philadelphia ta ɗauka a zagayen farko a 2015, misali ne na yadda wurin tsayuwa ke canja mutum. Kaka biyu ya yi a gefe yana fama. A 2017 aka mayar da shi lungu, ya cafe sau 62 da tacdawun 8, ya kuma cafe sau tara a Super Bowl ɗin da suka doke New England. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin a yanke wa matashi hukuncin gazawa, a duba ko an gwada shi a ɗaya wurin.

CeeDee Lamb na Dallas yana tsakanin gida biyu: yana yawan tsayawa a lungu, amma yana da tsawo da gudun da zai ci mutum a gefe. A 2023 ya cafe sau 135 ya ci yadi 1,749. Irin wannan, babban risiba da aka shigar lungu da gangan don a haɗa shi da mai tsaro mafi rauni, shi ne inda wasan ya karkata a 'yan shekarun nan.

Deebo Samuel kuma wani abu ne daban. A 2021 ya ci yadi 1,405 a cafewa 77, sama da 18 a kowace ɗaya, lambar da za ta sa a zaci mai dogon zango ne. Fiye da rabin yadin nan bayan ya cafe ya ci su, da karya masu tsaro. Ya kuma ci tacdawun takwas da gudu daga bayan layi kamar mai gudu da ƙwallo. Irinsa sai mai horarwa kamar Kyle Shanahan, wanda zai zauna ya ƙera masa hanyoyin karɓar ƙwallo a sarari, kuma dukan da yake sha ya ninka na sauran. Bai sake kai yadi 1,000 na cafewa ba a kaka ukun da suka biyo.

Jefferson da Chase

Justin Jefferson da Ja'Marr Chase sun yi wasa tare a jami'ar LSU a 2019, Joe Burrow na jefa musu. Chase ne ke gefe, ya ci yadi 1,780 da tacdawun 20. Jefferson na lungu, ya cafe sau 111. Wannan ya sa wasu suka ɗauka ɗan lungu ne kawai, har Philadelphia ta tsallake shi ta ɗauki Jalen Reagor na 21 a 2020, Minnesota ta same shi na 22. Ya shigo ya ci yadi 1,400 a kakar farko, akasari daga gefe, sannan 1,616, sannan 1,809 a 2022.

Ƙarfin Jefferson yana tsakanin yadi 10 da 25. Yana da dogon taku da sassauƙan ƙugu, yana canja saurinsa a tsakiyar hanya, kuma hanyoyinsa duk suna fara kama da juna har zuwa inda zai karya, don haka mai tsaro ba ya iya cankar inda za shi. Chase ya fi shi kauri da ƙarfi, ya fi shi haɗari idan ƙwallo ta shiga hannu: gajeren jifa na yadi biyar yana iya zama tacdawun na yadi 70. A kakarsa ta farko a Cincinnati, 2021, inda ya sake haɗuwa da Burrow, yana cin yadi 18 a kowace cafewa. Da masu tsaro suka koma ajiye mutum biyu a baya, Cincinnati ta riƙa yawo da shi, lungu da gefe, tana ba shi gajerun jifa. A 2024 matsakaicinsa ya sauko 13.4, amma ya fi kowa a duka ukun: cafewa 127, yadi 1,708, tacdawun 17.

Idan tacdawun ake nema da harin da zai fashe daga ko'ina, Chase ne. Idan kuma ana tambayar wanda za a gina ƙungiya a kansa ba tare da sanin wa zai riƙa jifa ba, Jefferson ya fi kwantar da hankali. Chase ya yi kusan duk manyan shekarunsa da Burrow, mutumin da suka san juna tun jami'a. Jefferson ya yi da Kirk Cousins, ya ci yadi 192 a wasa ɗaya da Nick Mullens, mai jiran gado, a ƙarshen kakar 2023, wadda ya haura yadi 1,000 a cikinta da wasa 10 kacal, sannan ya ci 1,533 da Sam Darnold a 2024.

Yadda za a yanke

A fara da mai jifa. Matashi da bai gama iya karanta tsaro ba yana buƙatar wanda ke kuɓucewa da wuri kuma a fili, irin Adams ko St. Brown. Mai ƙarfin hannu da ke iya tsawaita hari da ƙafarsa shi ke cin moriyar mai gudu. Mai saiti da ƙarfin hali shi ya dace da irin Evans. Sai a dubi garkuwa: idan ba ta riƙe daƙiƙa uku, kuɗin da za a kashe kan mai dogon zango gara a kashe shi kan masu tarewa, a nemi ɗan lungu da mai karya tsaro bayan cafewa. Sai harin gudu. Ƙungiyar da ke gudu da ƙwallo sosai tana tilasta wa masu tsaro su sauko da mai gadin baya ɗaya, a bar na gefe mutum da mutum, kuma nan ne X mai ƙarfi ke cin kasuwarsa. Haka Philadelphia ta yi a 2024: Saquon Barkley ya ci yadi 2,005 da gudu, Brown da DeVonta Smith na jira a gefe, suka ɗauki kofi da ci 40 da 22. Brown sau 67 kawai ya cafe a wasa 13, kuma aikinsa ya cika.

Sannan kuɗi. Gasar tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, dala miliyan 279.2 a 2025. Jefferson ya sa hannu kan miliyan 140 na shekara huɗu a 2024, Lamb 136, St. Brown 120, Chase kuma 161 a Maris 2025, wato sama da miliyan 40 a shekara, kusan kashi 14 cikin 100 na iyakar a matsakaici, ga mutum ɗaya cikin 53. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a shekarar da Chase ya fi kowa a komai, Burrow kuma ya fi kowa yadin jifa da tacdawun 43, Cincinnati ta ci wasa 9 ta faɗi 8, ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba, saboda tsaronta na zubar da maki. Irin wannan kuɗi ya halatta ne kawai ga wanda ke cin mutum ɗaya a gefe, yake tilasta a sa masa biyu, kuma ana iya matsar da shi lungu ya ci can ma. Jefferson da Chase sun cika sharuɗɗan uku, Lamb da Brown na biye. Ɗan lungu zalla da mai gudu zalla a neme su a zagaye na biyu zuwa na huɗu, a ci moriyar kwantiraginsu na farko na shekara huɗu mai araha.

Wajen auna mutum biyu, jimillar yadi ita ce ma'auni mafi rauni, domin ƙungiyar da ake yawan ci tana yawan jifa. A raba yadin da ya ci da yawan lokutan da ya fita neman ƙwallo: yadi 2 a kowace fita alama ce mai kyau, 3 kuwa sai ƙalilan, kuma Hill ya haura haka a 2023. A duba kason jifan ƙungiya da aka nufe shi da su. Wanda ke karɓar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye shi ne na ɗaya a gidan, ko me ake kiransa. A kuma raba yadinsa gida biyu, na sama da na bayan cafewa, don kada a sayi Samuel ana zaton Evans aka saya.

Mai wasan fantasi kuma ya fara karanta dokar makin rukuninsa. A tsarin da ake ba da maki ɗaya kan kowane yadi 10 da shida kan tacdawun, kakar Brown ta 2022, mai yadi 1,496 da tacdawun 11, ta ba da maki 215.6, ta St. Brown ta 2024, mai yadi 1,263 da tacdawun 12, ta ba da 198.3. Idan rukunin na ƙara maki ɗaya kan kowace cafewa, Brown ya koma 303.6, St. Brown ya haye shi da 313.3.